Wa'adin gurfanar da mai laifi: abin da babur ɗin maƙwabcina ya koya mini

A unguwarmu a Tahoua, wani maƙwabcina ya ajiye babur ɗinsa a bakin kasuwa, ya shiga sayen albasa, ya fito bai tarar da shi ba. Bayan 'yan kwanaki aka gane wanda ya ɗauka, sai ya kasance ɗan wani dattijo ne mai mutunci. Dattijon ya zo da kansa bayan sallar isha'i, ya zauna a kan tabarma a zaure, ya ce: "Ɗana, ka rufa mini asiri, bayan girbi zan biya ka." Maƙwabcina ya ce: "Baba, na ji, Allah ya kai mu." Girbi huɗu ya wuce ba a biya ba, kuma da ya yanke shawarar kai ƙara, sai lauya ya shaida masa cewa wa'adin tuhumar ya riga ya shuɗe.

Dokar hukunta laifuffuka ta Nijar, wadda aka kafa a 1961 bisa tsarin Faransa, ta kasa laifi gida uku: babba, matsakaici da ƙarami. Dokar bin matakan shari'a ta ba kowanne wa'adinsa, wato shekara 10 ga babban laifi, shekara 3 ga matsakaici, shekara 1 ga ƙarami. Satar da ba a yi da makami ko duka ba tana cikin matsakaitan laifuffuka, don haka shekara 3 kacal maƙwabcina ke da ita. Abin da ya fi damuna shi ne, duk wani matakin bincike ko tuhuma da hukuma ta ɗauka yana sa a sake lissafin wa'adin daga farko, amma zaman sulhu a zaure, komai yawan shaidunsa, ba ya tsayar da shi ko na kwana ɗaya.

Ba Nijar kaɗai ke da irin wannan wa'adi ba. A Amurka, kowace jiha da dokarta. Galibi babban laifi shi ne wanda hukuncinsa zai iya wuce ɗaurin shekara 1. A New York, wa'adin yawancin manyan laifuffuka shekara 5 ne, na ƙananan kuma shekara 2, a Kalifoniya kuwa shekara 3 da shekara 1 ne, sai dai a jihohin biyu kisan kai ba shi da wa'adi. Faransa ma a 2017 ta ninka nata, ya koma shekara 20 ga babban laifi da shekara 6 ga matsakaici.

Na yarda da hikimar sa wa'adi, domin shaidu suna mutuwa, masu rai suna mantuwa, kuma ba adalci ba ne a ce mutum ya kare kansa a kan abin da hujjojinsa suka ɓace. Amma a wurinmu, inda kai ɗan maƙwabci gaban jandarma abin kunya ne har sai dattawa sun gaza, shekara 3 tana ƙarewa mutum yana cikin kara da kawaici. Ina ganin wajibi ne limamai da masu unguwa da ke jagorantar sulhu su san wannan adadi, su riƙa faɗa wa wanda aka zalunta tun daga zaman farko, kafin ya amsa cewa zai jira girbi.