Libarba ba sakata: sai da tela ya warware min ita

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. 'Yan uwa masu bin bindigogin fim, libarbar nan, wato ƙaramar bindiga mai gangar harsasai da ke juyawa, ta jami'in binciken da ta hana ni sakat ta faɗo hannu. Smith & Wesson ce, ƙaramar nan mai cin harsashi biyar. Ba Colt ba ce, ba Charter Arms ba ce, ba kuma wata baƙuwar ƙira ba ce da aka yi wa fim ɗin shi kaɗai, kamar yadda ɗan uwanmu na Birnin Kebbi ya kafe a kai.

Fim ɗin dai shi ne wanda muke bin bindigoginsa tun kwanakin baya, na barkwancin nan na Amurka na shekarun 1980, mai ɗan sandan cikin da duk abin da ya taɓa sai ya lalace. Da na tsara zan fara da ƙananan bindigogi, in wuce kan dogaye, in ƙare da waɗanda aka jera a bangon ofishin 'yan sanda. Wannan tsari ya bi ruwa. Har yau ban leƙa bangon ba.

Na miyagun ba su ba ni wuya ba. Ta ubangidansu, wanda ya kalla a gurguje zai ce Beretta 92 ce, amma makullinta a jikin bindigar yake, ba a saman da ke ja da baya ba, ga kuma ƙugiya a gaban zoben kunama. Taurus PT92 ke nan. Kamannin ba abin mamaki ba ne, tunda a 1980 Taurus ta sayi masana'antar Beretta da ke Sao Paulo a Brazil, da injinanta da komai. Na rubuta, na wuce.

Libarbar ce ta tsayar da ni cak. A yawancin fim ɗin daga nesa ake ganinta, ko dai tana ƙugunsa ko yana kaɗa ta a iska, baƙa, gajeren bututu na inci biyu. A irin waɗannan finafinai kun san biyu ake fara zargi. Akwai Colt Detective Special da ta fito a 1927, mai harsashi shida. Akwai Chiefs Special ta Smith & Wesson da ta fito a 1950, wadda aka laƙaba wa Model 36 a 1957, mai biyar. Duka .38 Special suke ci. Wuri ɗaya tak aka matso da kyamara sosai: inda yake tsaye a bayan ƙofar ɗakin otal, ya tokare bindigar a gaban ƙirjinsa, bakinta na kallon hagun allo, ya ja gudumar baya da babban yatsa a hankali. Bai kai daƙiƙa uku ba. A kan wannan ɗan guntun na maƙale.

Bakin bindiga na kallon hagu, wato gefenta na hagu muke gani. Da ya ja guduma, fuskar gangar da ke kallonmu sama ta yi. In gefen hagu ya yi sama, to ganga na juyawa irin na hannun agogo ke nan idan ka tsaya a bayanta, kuma wannan juyin Colt ne, ta Smith akasin haka take yi. Ga kuma layin farantin gefe da kawunan kusoshinsa a wannan ɓangaren. Colt a hagu take sa farantinta, Smith a dama. Shaida biyu sun ce Colt.

To amma ina sakata, wato ɗan ƙullutun da ake taɓawa a buɗe ganga? Bayan ganga sumul yake. Babu ƙullutun nan na Colt da ake ja baya, babu na Smith da ake turawa gaba. Da hagu ya riƙe ta, babban yatsansa yana can kan guduma, babu abin da ya rufe wurin. Riƙon hagun kuwa ba hujja ba ne a wannan fim, don cikin shiriritarsa har da sauya wa bindiga hannu, wani wurin ma da yatsa biyu yake ɗaga ta.

Sai gaba kuma ya ƙaryata baya. Tsohuwar Detective Special sandarta ta turo kwanso a sake take a ƙarƙashin bututu, ba abin da ya riƙe bakinta, sai daga 1973 aka yi mata rufi gaba ɗaya. Wannan ba ta sake ba, ba ta da rufi. Ɗan ƙaramin tudu ne a ƙasan bututu ya cafke kan sandar, kuma wannan aikin Smith ne tsantsa.

A kwafin da nake da shi a lokacin, da ka tsayar da hoto sai ya dame, gefen ƙarfe da inuwa su zama ɗaya. Dole na nemo mai kyau. Nan kuɗi suka yi kuka. Data ta kusan naira dubu shida ta tafi, don sau da dama saukewar na kusa da ƙarewa sai layi ya yanke a koma farko, ga man janareta, tunda wuta sai ta ga dama take zuwa unguwarmu. Na so kuma in buga hotunan a takarda in jera su a tabarma. Mai shagon kwamfuta ya buɗe fayil, ya ga bindiga reras har goma sha wani abu, ya rufe, ya miƙo min filashina ya ce injinsa ba tawada. Ban ga laifinsa ba. A Gusau ta yau, ni ma da ni ne shi haka zan yi. Ku da ke nan Zamfara ku riƙa kula da inda kuke buɗe irin waɗannan hotuna, ba kowa zai tsaya ya ji cewa fim ne ba.

Sabon kwafin ya fito da abin da ya ƙara dagula lissafi. Na riƙa danna E a manhajar kallon bidiyo ta VLC, hoto bayan hoto, har na ga ramukan tsayar da ganga. Kowane rami yana kan layi ɗaya da kwarmin ganga. Wannan dabarar ku riƙe ta, tana aiki ko ba a nuna muku bakin ganga ba. A mai harsashi shida, in ɗakin harsashi ɗaya ya daidaita da bututu a sama, akwai wani ɗakin a ƙasa daidai inda abin tsayarwa yake, don haka ramin yakan faɗo a kan ɗaki, tsakanin kwarmi biyu. A mai biyar kuwa, ƙasan yakan faɗo tsakanin ɗakuna, sai rami da kwarmi su yi sahu. Tamu mai biyar ce. Detective Special ta fita, Cobra da Agent ma sun bi ta, duk shida suke ci.

Biyar, ga juyin hannun agogo. Nan zuciya ta raya min Charter Arms Undercover, wadda ta zo kasuwa a 1964, don ita ce ta haɗa waɗannan biyun. Har na fara murna. Amma Undercover ba ta da farantin gefe ko kaɗan, jikinta guda ne, sakatarta kuma tana nan a hagu ɓaro-ɓaro. Haushi ya sa na rufe kwamfutar, na bar ta kwana da kwanaki.

Telan da ke min ɗinki ne ya kawo min kaya gida da yamma, ya tarar na sake buɗe hoton, na tsura masa ido. Shi bindiga ba ta dame shi ba. Ya sunkuyo ya kalli allo, ya ce, "Malam, wanga mutum kwat ɗin mata yas saka? Diba inda maɓallai nai suke." Na ce me ya gani? Ya ce kwat ɗin maza ɓangaren hagu ke hawa kan na dama, aljihun ƙirji kuma a hagu ake yanka shi. Wannan dama ce ta hau hagu, aljihun da ɗan hankicinsa suna dama. Na mayar da fim baya kaɗan zuwa inda yake tafiya a barandar otal: aljihu na hagu, lafiya lau.

Ashe juya hoton aka yi wajen tace fim. Na shiga saitin hoto na VLC na juya shi hagu zuwa dama, wallahi sai da na yi tsalle. Bindiga ta koma hannun dama, gefenta na dama muke kallo, inda babu sakata dama can. Faranti da kusoshi suna inda Smith ke sa su. Fuskar dama tana yin sama, wato akasin hannun agogo. Tudun da ya riƙe sanda, ramukan da suka yi sahu da kwarmi, komai ya zauna daram. Masu tace fim kan yi haka idan ɗan wasa ya fuskanci inda bai dace ba, don kada shi da wanda yake fako su zama suna kallon gefe ɗaya a allo. A nan ƙofar tana hagu a hoton da ya gabata, shi ya sa aka juya shi ya kalle ta.

Abin da ya fi ba ni sha'awa, shaidun da suka ruɗe ni duk na hagu da dama ne: juyin ganga, gefen faranti, wurin sakata. Waɗanda suka faɗi gaskiya tun farko su ne waɗanda juya hoto ba ya taɓawa, wato yawan ɗakuna da yadda aka riƙe sanda. Daga yanzu da su zan riƙa farawa, kuma kafin in yarda da juyin ganga sai na duba maɓalli, agogon hannu, tsagar gashi, ko wani rubutu a bango. Rubutun jikin bututu da zai tona asirin tun farko, amma hasken wurin ya cinye shi.

A jerina na sa Model 36. Baƙa ce, don haka ba Model 60 ba ce, wadda ta fito a 1965 da farin ƙarfen da ba ya tsatsa. A wurin da ya zubar da harsasai a ƙasa ana ganin sakatar daga nesa, mai ɗan kwarin ɗora yatsa ce, ba shimfiɗaɗɗiyar nan ta kafin 1966 ba. Wanda zai ce Model 37 ce mai jikin alminiyam, ba zan yi musu da shi sosai ba, a hoto kusan abu ɗaya ne, amma ya kawo shaida.

Yanzu na tsallake sauran ƙananan na faɗa kan doguwar da abokin aikinsa ya ciro daga but ɗin mota, don ita ma a wannan otal ɗin take, kuma na daina yarda da duk wani hoto na wurin. Ba a ga tagar fitar kwanso a gefen da aka nuna ba. Ko dai Ithaca 37 ce, mai ci da fitarwa ta ƙasa, ko kuma Remington 870 ce aka juya muka ga bayanta. Mai kwafi mai kyau ya duba min daidai inda yake rufe but ɗin, lambar motar tana fitowa a kusurwar ƙasa, ya gaya min ko a miƙe take karantuwa.