Daga Tudu zuwa bakin teku: wasiƙa daga Akra

Assalamu alaikum, 'yan uwa na gida.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyali. Wata biyar ke nan ina Akra, babban birnin Gana, wanda tsofaffinmu suke kira Ankara tun kafin yawancinmu mu ji labarin Ankara ta Turkiyya. Aiki ne ya kawo ni, kuma har kwanan nan iyakar sanina da garin shi ne abin da ake hangowa ta tagar trotro, wato ƙananan motocin hayarsu. Ran Asabar da ta wuce na ɗaura niyyar taka tsohon garin da ƙafata, tun daga kasuwa har bakin teku. Wanda bai tsaya ba, awa ɗaya ta ishe shi. Ni kuwa na fita bayan asuba, ban koma masauki ba sai bayan isha'i.

Na fara daga wata unguwa da ake kira Tudu. Haka sunanta yake, da Hausa, kuma haka yaran mota suke kiransa ko da ba su jin ko "zo". Nan ne tashar motocin da ke zuwa Aflao da Lome, don haka gari bai gama wayewa ba wurin ya cika. A bakin titi na tarar da wata dattijuwa zaune gaban babbar tukunya an lulluɓe ta da mayafi, mutane sun yi layi, har da masu kwat da nakatai. Abin da suke saye sunansa "Hausa koko". Kokon gero ne mai ɗan tsami, ya ji citta da kanumfari da barkono, yajinsa ya fi namu kai wa maƙogwaro. A gefe yarinya tana tsamo ƙosai daga mai, su suna ce masa kose.

Na ce, "Ina kwana, Hajiya."

Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Lafiya lau, ɗana. Wannan Hausar ba ta nan ba ce. Kano ko Katsina?"

Ita a Akra aka haife ta, haka ma mahaifiyarta, ba ta taɓa taka Nijeriya ba. Hausarsu ta nan tana da nata ɗanɗano: ba su cika raba namiji da mace ba, sai ka ji an ce "Hajiya ya fita", kuma ɗ da ɓ da ƙ sun yi laushi a bakinsu. Na san akwai masu dariya idan sun ji haka, ni ban ga abin dariya ba. Harshen da ya yi shekara fiye da ɗari a tsakanin harsunan Ga da Tuwi na mutanen nan da Turanci bai mutu ba, ya cancanci a girmama masu riƙe da shi. Da na miƙa mata kuɗi sai ta ƙara mini ƙosai biyu, ta ce na baƙunta ne. Sunan kuɗin ƙasar ma, sidi, daga kalmar wuri a harshen Akan na kudancin Gana ya samo asali, kamar yadda "kuɗi" a wurinmu jam'in wuri ne.

Daga Tudu 'yar tafiya kaɗan sai Makola. Ba ƙofa ake shiga ba, sai dai kawai ka ga titi ya ƙuntata, atamfa ta rufe bango, kifi busasshe da gari da manja sun tare hanya. Kasuwar mata ce. Su ke da rumfuna, su ke da shugabancin kowane layi, namiji a nan ɗan rakiya ne. Na ga albasa jibgi-jibgi, mai sayarwa ta ce ta Nijar ce, na tuna Galmi. An gina kasuwar a 1924, amma ainihin tsohuwar ba ta nan. A watan Agusta na 1979 sojojin Rawlings, shugaban mulkin soja na lokacin, suka rushe ta, bisa zargin cewa matan kasuwa ne suke ɓoye kaya suna tsauwala farashi, har an yi wa wasu bulala a bainar jama'a. Filin yanzu wurin ajiye motoci ne, ana kiransa Rawlings Park. Na tsaya a wurin na daɗe. Duk ƙasar da kaya suka yi tsada, mai ƙaramin ƙarfi ake fara kamawa, kuma rushe rumfa bai taɓa cika rumbu ba. Matan dai sun bazu a titunan da ke kewaye sun ci gaba da ciniki har yau.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a Makola shi ne 'yan matan da ke dakon kaya a manyan kwanonin silba. Ana ce musu kayayei: "kaya" tamu ce, "yei" kuwa mata ke nan da harshen Ga. Galibinsu daga arewacin Gana suke zuwa, wasu da goyo a baya, wasu ba su wuce shekarun makarantar firamare ba. Kalmarmu ce a kansu, amma ba irin wadda mutum zai yi alfahari da ita ba.

Wajen hantsi yunwa ta dawo, na nemi waakye. Ku lura da rubutun: a ƙa'idar Akan "ky" kamar "c" ɗinmu ake faɗarsa, don haka "wace" za ku ji, da jan wasali, kuma ba komai ba ne illa "wake". Shinkafa da wake ce, amma ta yi nisa da garau-garau ɗinmu mai mai da yaji. Ana dafa ta da kanwa da karan dafi, wannan jan ɓawon karan dawa da majema suke rina fata da shi, shi ke ba ta launin ja mai duhu. A zuba a ganye mai faɗi, a ɗora garin rogo da aka murza da mai, a sa taliya (da sunanta suke kiranta), a sa dafaffen ƙwai, da ganda wadda suke ce wa wele, da soyayyar ayaba, sannan miya, sannan shito. Shito baƙin yaji ne da ake soyawa a mai da busasshen kifi da jatan lande har ya yi duhu, kuma na mutanen Ga ne tun daga sunansa. A ganye ɗaya ga abin da ya zo daga arewa, ga na kurmi, ga na teku. Masu layi suna kiran mai sayarwa "Hajiya" ko "Amaliya", wato amarya. Idan ka tambayi ɗan Gana abincin ƙasarsa, waakye na cikin ukun farko da zai ambata, kuma gaskiyarsa ce: tushen namu ne, amma su suka raine shi har ya zama haka.

Ina cin wannan ne a kusa da wani layi da ake kira Zongo Lane, sai tambaya ta zo mini: ta wace hanya abincinmu ya riga ni zuwa? Amsar tana cikin goro. Shekaru aru-aru ayarin fatake, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suna tashi daga ƙasar Hausa da jakuna, ɗauke da kanwa da baƙin yadi da jan fata, su yi watanni a hanya kafin su isa Gwanja, a arewacin Gana ta yau. A Salaga, babbar kasuwar Gwanja, suke sayen goron da ake kawowa daga kurmin Asante. Duk inda madugu ya ce a sauka, nan ne zango, kalmar da ta zama "zongo" a bakin mutanen nan, kuma yau da wuya ka sami babban gari a Gana da ba shi da nasa. Bayan Ingila ta ci Asante da yaƙi a 1874 hanyar ta fara sauyawa, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa 'yan kasuwa da malamai. Cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, malami mawaƙi, wanda ya koma Kete-Krachi ya rasu a can a 1934. Goro ya koma bin jirgin ruwa daga nan zuwa Legas, daga baya jirgin ƙasa ya riƙa kai shi Kano. Inda goro ya bi, nan mutanenmu suka bi. Wasu kuma da kaki suka zo, cikin rundunar Hausawan da Turawa suka kawo daga Legas don yaƙin Asante. Da aka mayar da hedkwatar mulki daga Cape Coast zuwa Akra a 1877 garin ya buɗe, tsohon zango ya yi wa mutane kaɗan, har Malam Baƙo ya nemi fili a wajen sarakunan Ga ya kafa Sabon Zongo.

Na yi azahar a wani ƙaramin masallaci cikin lungu, sannan na gangara High Street, titin da ya bi gefen teku. Daga nan gari ya sake fuska. Gidaje tsofaffi ne masu bene na katako, fenti ya ɓare, iska ta zo da gishiri da ƙamshin hayaƙin kifi. Nan ne Ga Mashie, asalin Akra, kuma masu garin su ne Ga. Ya kamata duk ɗanmu da ya zo ya riƙe wannan: mu baƙi ne da aka ba masauki.

Gini na farko mai kauri da za ka tarar shi ne Ussher Fort, wanda mutanen Holan suka gina a 1649. Gaba kaɗan, tafiyar 'yan mintuna, sai James Fort na Ingilishi, na 1673. Can gabas a Osu akwai na mutanen Denmak. Ƙasashen Turai uku a gaɓa ɗaya, kowa da igwarsa, kowa yana jiran zinariya da mutane. Daga baya an mayar da biyun nan kurkuku. A James Fort aka tsare Kwame Nkrumah a 1950, yana ciki ya ci zaɓe a watan Fabrairu na 1951, aka buɗe masa ƙofa ya fito ya jagoranci gwamnati, shekara shida kafin 'yancin 6 ga Maris 1957.

Ba na son in ba ku labarin goro mai daɗi in ɓoye ɗaya rabin. A bayan Ussher Fort akwai wata kasuwa da ake kira Salaga Market, ta ci sunan waccan Salaga ta arewa. Ita kuwa Salaga ba goro kaɗai aka sayar a cikinta ba, tana cikin manyan kasuwannin bayi na wannan yanki, kuma fatakenmu suna cikin masu ciniki. Hanyar da ta kawo wake da taliya ta ɗauki mutane a ɗaure. Akwai namu cikin masu saye, akwai namu cikin waɗanda aka sayar. A gida muna ambaton Gwanja da daɗin baki, a waƙa da karin magana, ban taɓa jin wani dattijo ya kawo wannan ɓangaren ba. Na tsaya a jikin bangon kurkukun ina jin ruwa yana dukan dutse a ƙasa, na yi addu'a ga waɗanda suka fita ta nan ba su dawo ba.

Wasu dai sun dawo. Tsakanin gine-ginen biyu akwai Brazil Lane, inda 'yantattun bayi da suka taso daga Brazil suka sauka wajen 1836, jim kaɗan bayan tawayen bayi Musulmi na 1835 a Bahia. Ana kiran zuriyarsu Tabom, daga gaisuwar Fotugis da suka zo da ita a baki, kuma sun yi suna a ɗinki. Yau sun zama Ga.

La'asar ta same ni a gindin hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Jamestown, mai ja da fari, wadda aka gina a shekarun 1930 a madadin ta 1871. Ƙasa da ita ga kwale-kwale masu fenti iri-iri, da rubuce-rubucen addu'a a jikinsu. Masuntan nan ba sa shiga teku ranar Talata, al'ada ce da suke riƙe da ita gam. A nan na ci kenke, wanda Ga suke kira komi, Hausawan nan kuma dokunu. Ƙullun masara ake bari ya kwana biyu zuwa uku ya yi tsami, a dafa rabi, a haɗa da ɗanyen rabin, a ƙulle a ɓawon masara, a tafasa shi sosai. Ya fi tuwo tauri, tsaminsa kuma sai an saba. Da hannu ake ci, da soyayyen kifi da ɗanyen barkono da aka niƙa da tumatir da albasa. Loma uku na farko harshena ya yi gardama, daga nan ya miƙa wuya, don tsamin nan shi ke kashe maiƙon kifin. Shawara ɗaya ga mai zuwa: a wannan unguwa ana sayar da naman alade a fili, don haka ka tambaya kafin ka zauna, ka duba man da aka yi suya da shi. Da na tambaya, matar ba ta ji haushi ba, ta nuna mini kaskonta ta ce kifi kaɗai ke shiga ciki. Sun saba zama da Musulmi.

Mutanen nan suna da biki duk shekara wajen watan Agusta, Homowo, ma'anarsa yi wa yunwa ihu, don tunawa da wata yunwa da kakanninsu suka sha kafin damina ta yi kyau. Ina fatan Allah ya kai ni in gani.

Bayan magariba na biyo ta Bukom, unguwar 'yan dambe, inda Azumah Nelson ya koyi sana'ar da ta kai shi zama zakaran duniya a 1984. Yara suna ta dukan buhu a wani fili, na tuna dandalin dambe na gida lokacin kaka. A kusurwar titi na hango hayaƙi da fitila, hancina ya gane tun kafin idona: tsire ne, da ƙuli-ƙuli da yaji, su suna kiransa cicinga. Masu saye suna ce wa mai gashin "aboci", wato aboki. Na yi masa sallama, ya amsa da Hausar Tawa tsantsa. Shekararsa bakwai a nan, sau biyu ya je gida. Bai tambaye ni aikina ba, bai tambayi sunana ba, abin da ya fara tambaya shi ne ko na ji labarin yadda gero ya yi bana. Na gaya masa abin da kuka faɗa mini a waya. Ya jawo mini benci, muka zauna har aka kira isha'i.

Roƙona gare ku: duk wanda a gidansu ake cewa wani kaka ya tafi Gwanja bai dawo ba, ya zauna da tsofaffin da suka rage ya tambayi sunansa, da sunan garin da aka ji ɗuriyarsa na ƙarshe, ya rubuta. Juma'a mai zuwa, in Allah ya yarda, a Sabon Zongo zan yi salla, an ce akwai dattawan da suka san gidan da kowa ya fito.

A gaida manya da yara. Wassalam.