Bankwanan da korona ta hana a Motegi

Ina idar da sallar asuba na bar ɗakina a Tokyo, da 'yar jaka a baya mai ɗauke da darduma da ruwa da ƙunshin shinkafa da kifi. A tashar Ueno na tarar da abokin aikina da mahaifinsa suna jirana. Dattijo ne da ya haura saba'in, Baba nake ce masa, shi ma ya karɓi sunan hannu bibbiyu. Shi ne silar tafiyar. Rabonsa da ganin gasar duniya ta tirayal, wato wasan hawa duwatsu da babur, tun 2019, domin annobar korona ta hana a yi zagayen Japan shekara uku a jere. Da ta dawo a watan Mayun 2023, ya ce ko da rarrafe ne sai ya je.

Mun sauya jirgi a Oyama, muka sake sauyawa a Shimodate, inda muka shiga ɗan ƙaramin jirgin layin Moka. Daga nan tafiyar ta fara daɗi. An gama dashen shinkafa ke nan, ruwa kwance a gonaki, sai ka ga gidaje da tsaunuka a cikinsa kamar a madubi. Muka wuce tashar Moka da aka gina da siffar kan tsohon jirgin ƙasa, muka wuce Mashiko, garin magina tukwane, har muka sauka a Motegi, ƙarshen layi, a gundumar Tochigi. Mota ce ta ƙarasa da mu filin da kamfanin Honda ya buɗe a 1997.

Wanda bai taɓa ganin tirayal ba zai zaci tsere ne. Ko kusa. Babur ɗin ba shi da wurin zama, nauyinsa bai wuce kilo saba'in da 'yan kai ba, kuma an rage wa tayoyinsa iska don su kama dutse. A tsaye ake tuƙa shi. Ana kewaye wani yanki na duwatsu ko gangaren daji da zare, a ce ka shiga ta nan ka fita ta can ba tare da ƙafarka ta taɓa ƙasa ba. Ka sauke ƙafa sau ɗaya, maki ɗaya ya hau kanka. Sau biyu, biyu. Daga uku zuwa sama, uku. Ka faɗi ko ka kasa fita, biyar. Mai ƙarancin maki shi ne gwani.

Mun sami wuri a gindin wani dutse da ya fi tsayin mutum. Wani matashi ya iso gabansa ya tsaya cak, ƙafafunsa duka a kan babur, yana ɗan girgiza ƙugu don kada ya karkace. Ɗaruruwan mutane suka yi tsit, har ina jin numfashinsa ta cikin hular kwano. A saman dutsen mai dafa masa baya ya durƙusa, hannu a miƙe, yana ƙirga masa lokaci, a shirye ya cafke babur in abin ya ɓaci. Sai ya murɗa totur injin ya yi kururuwa, ya saki kuloci, babur ya miƙe kan tayar baya ya dira a ƙoƙuwar dutsen. Alƙali ya ɗaga hannu a dunƙule, alamar sifili. Daji ya ɗauki tafi. Ni dai na hau babur tun ina yaro, amma ban san ana iya lallashin ƙarfe haka ba.

Ina tafi, sai na lura Baba hankalinsa ba ya kan masu hawa. Idonsa na kan wani mutum mai rigar tawagar Repsol Honda da ke tsaye a gefen zare, yana duban inda taya za ta taka. Takahisa Fujinami ke nan, wanda ake wa laƙabi da Fujigas saboda yadda yake murɗa totur har ƙarshe. A lokacin shi ne manajan tawagar, Toni Bou da Gabriel Marcelli ne ke hawa.

Da muka zauna cin abinci a inuwa, Baba ya warware mini zare da abawa, ɗansa yana fassara inda harshena ya gaza. Fujinami ɗan garin Yokkaichi ne, an haife shi a 1980, ya shiga gasar duniya a 1996 yana ɗan shekara sha shida. Daga 1999 zuwa 2003, shekara biyar a jere, na biyu yake zuwa, kullum a bayan Dougie Lampkin na Ingila. Baba ya ware yatsunsa biyar ya riƙe su a gabana ya daɗe bai sauke ba. Sai a 2004 ya ci kambun, ya zama ɗan Japan na farko da ya yi hakan. Bai sake cinsa ba. Adam Raga ya karɓa shekara biyu, sannan Bou ya zo a 2007 ya rufe ƙofa. Duk da haka bai ajiye ba, ya ci gaba da fafatawa a tawaga ɗaya da mutumin da ya fi shi, har ya yi nasara a Tolmezzo ta Italiya a watan Yunin 2021 yana da shekara 41.

Abin da ke ci wa Baba tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka rabu. A ƙarshen kakar 2021 Fujinami ya yi hawansa na ƙarshe a gasar duniya, a Gouveia ta ƙasar Fotugal, bayan kaka 26. Mutanensa na gida ta allon waya suka gani. Baba ya ce tun da aka fara kawo gasar Motegi a 2000 yake zuwa, ya sha rana ya sha ruwan sama saboda yaron nan, amma ranar sallama ba ya wurin.

Wata mata da ke kusa da mu, da tsohuwar tuta mai sunan Fujigas har ta koɗe, ta sa baki. Ita a ganinta gara da ya tafi da ƙarfinsa, ana kewarsa, maimakon a kai ga tausaya masa. Baba bai yarda ba, ya ce wanda ya ci zagaye a watan Yuni ai da sauransa. Na fi karkata ga matar, domin wannan wasa yana cin gwiwa da kafaɗa, kuma mutumin ya biya abin da ake binsa har da ƙari. Amma na gane zafin Baba. Shi ma ya hau tirayal a samartakarsa da Honda TL125, kuma yana ganin tsufansa ne a ritayar Fujinami.

Na keɓe bayan wasu itatuwa na haɗa azahar da la'asar, muka leƙa gidan tarihin Honda da ke cikin filin. Can na yi ido biyu da Super Cub na 1958, kakan roba-robar da ta cika titunanmu. Ba mu daɗe ba, Baba yana ta duba agogo.

Da yamma, bayan an tashi, mutane suka yi dafifi kusa da rumfar tawagar. Da yawa masu furfura ne, wasu da jikoki a kafaɗa. Da Fujinami ya gitta sai aka shiga kiran laƙabinsa. Baba bai kutsa ba, bai nemi hoto ba. Ya cire hularsa, ya haɗe ƙafafu, ya rusuna irin ta mutanen Japan, ya daɗe a haka har ɗansa ya dafa masa kafaɗa.

A jirgin komawa duhu ya rufe gonakin, sai kukan kwaɗi duk inda muka tsaya. Kafin Mashiko barci ya kwashe Baba, takardar jadawalin gasar tana naɗe a hannunsa, da laka a bakin wandonsa.