Idan aka ce 'yan cikin gida sun sayar, buɗe takardar kafin ka taɓa jarinka

Ƙannena masu sayen hannun jari ta waya, ku ba ni aron hankalinku. Kun san yadda abin yake faruwa a fada bayan la'asar. Ana jiran shayi na biyu, sai wani ya miƙo waya da hoton da aka turo a guruf ɗin Telegram, an zagaye layi ɗaya da jan alƙalami: shugaban wani ƙaramin kamfanin binciken magani a Amurka ya sayar da hannun jarinsa. Nan take fada ta rabu biyu. Wasu su ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, tunda ya fita mu ma mu fita. Wasu su ce masu son farashi ya karye ne suke yaɗawa don su kwashe da arha. Har shayi ya huce ba wanda ya buɗe ainihin takardar da labarin ya fito daga cikinta. Yawancin asarar da na yi a irin waɗannan kamfanoni daga wannan gaggawar ta samo asali, shi ya sa nake son in zauna da ku a kan takardar kanta.

Abu biyu ne ake cakuɗawa. Akwai saye da sayarwar da manyan kamfani suke yi a fili bisa doka, akwai kuma ciniki da labarin sirri wanda bai fito ga jama'a ba. Na farko halal ne a dokar Amurka, kullum ana yin sa. Na biyu laifi ne da zai iya kai mutum kurkuku har shekara 20, da tarar da ta kai dalar Amurka miliyan 5, ban da abin da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta Amurka take iya ci, wanda ya kai ninki uku na ribar da aka samu ko asarar da aka kauce wa.

Dokar 1934 ta wajabta wa daraktoci, da manyan jami'an kamfani, da duk wanda ya mallaki fiye da kashi 10 cikin ɗari na hannun jarinsa, su bayyana cinikinsu. Takardar da suke cikewa ita ce Fom 4, kuma tun 2002 kwana biyu na aiki kacal aka ba su. Tana nan kyauta a rumbun EDGAR na hukumar SEC. Ka rubuta sunan kamfani, ka zaɓi Fom 4, ta fito maka a waya. Ba ka buƙatar biyan kowa ko dala ɗaya.

Kuskurena na farko shi ne duba adadi ba tare da duba harafin da ke gefensa ba. Kowane ciniki yana da harafi. P na nufin mutum ya sa hannu a aljihunsa ya saya. S na nufin ya sayar. A kyauta ce kamfani ya ba shi a matsayin wani ɓangare na albashi. M na nufin ya yi amfani da damar da aka taɓa ba shi ta saye a kan tsohon farashin da aka tsayar. F hannun jarin da aka riƙe ne don biyan haraji ko kuɗin waccan damar. G kyauta ce ya yi wa wani. Shafuka da yawa masu tattara labari suna haɗa A da M su kira su "saye", su haɗa F da S su kira su "sayarwa". Sai ka ji an ce darakta ya sayi dubu ɗari biyu, alhali ko sisi bai fitar ba, ba shi aka yi. Ni na taɓa saye a kan irin wannan labari, na kuma taɓa sayarwa da asara saboda harafin F, wanda ba ya nuna komai sai cewa lokacin biyan haraji ya yi. Haka idan ka ga M da S a rana ɗaya da adadi ɗaya, mutum ne ya mayar da albashinsa kuɗi.

Daga nan ka gangara ƙasan takardar, wurin ƙananan rubutu. Nan nama yake. Akwai tsarin da ake kira 10b5-1, wanda aka kafa a 2000: jami'i yana tsara tun da wuri cewa a sayar masa da kaza a wata kaza, ya miƙa wa dillali, ya cire hannunsa. Bayan gyaran da ya fara aiki a 2023, darakta ko babban jami'i sai ya jira aƙalla kwana 90 daga ranar da ya tsara kafin a fara sayarwa, kuma Fom 4 tana da akwatin da ake sa wa alama tare da ranar da aka tsara shirin. Ranar nan ita za ka riƙe. Shirin da aka yi tun bara, ana sayar da adadi ɗaya duk wata, ba labari ba ne. Shirin da aka kafa wata uku ko huɗu kafin fitowar sakamakon gwaji, wanda ya zubar da rabin jarin mutum a tashi ɗaya, wannan ya cancanci ka tsaya ka yi tunani.

Sai ka auna abin da aka sayar da abin da ya rage, domin akwai gurbin da ke nuna yawan abin da mutum yake riƙe da shi bayan cinikin. A ce shugaba yana da hannun jari miliyan 2, ya sayar da dubu 40. Kashi 2 cikin ɗari ke nan. Alhajin da ke da buhu dubu na aya a sito, ya fitar da ashirin don hidimar aure, ba za ka ce ya yanke ƙauna daga aya ba. Amma in mutum huɗu daga cikin manya suka sayar da kashi 30 ko 40 na abin da suke da shi cikin sati biyu, ba bisa wani tsohon shiri ba, musamman shugaban sashen gwajin magani da mai kula da kuɗi, to wannan magana ce daban.

Saye ya fi sayarwa nauyi a wurina, saboda dalilan sayarwa ba su ƙirguwa, gida ne, haraji ne, makarantar yara ce, amma dalilin saye da kuɗin aljihu yawanci ɗaya ne, mutum yana sa ran farashi zai tashi. Ga kuma doka mai ƙarfafa hakan: in ɗan cikin gida ya saya ya sayar cikin wata shida ya ci riba, ribar ta kamfani ce, sai ya mayar. Wanda ya saya ya san ya ɗaure kuɗinsa na rabin shekara. Duk da haka a nan ne na yi kuskurena mafi tsada. Na ɗauka sayen shugaba yana nufin ya san maganin ya yi aiki. Ba haka ba ne. A manyan gwaje-gwaje ana rufe wa kowa ido, majinyaci da likita da shugabannin kamfani ba su san wanda ya sha maganin gaske da wanda ya sha na bogi ba sai an kammala an buɗe bayanai. In kuwa shugaba ya riga ya ga sakamakon, lauyoyin kamfani sun rufe masa ƙofar ciniki, in ya saya ya karya doka. Don haka sayen da ka gani a fili yana gaya maka mutumin yana da fata, kamar yadda kai ma kake da ita. Kuma wanda ya yi shekara goma a kan magani ɗaya shi ya fi kowa yarda da shi, ko da kuwa maganin ba zai kai labari ba. Cikin magungunan da suke shiga matakin farko na gwaji a kan mutane, kusan ɗaya cikin goma ne yake samun amincewar hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka. Sannan ka duba girman sayen. Mai albashin dalar Amurka dubu ɗari shida a shekara in ya sayi na dala dubu goma bayan farashi ya faɗi, kwantar wa masu jari hankali yake yi. Ka duba kuma ko harafin D ne ko I a gurbin mallaka: D na nufin shi da kansa ya mallaka, I kuwa yakan nuna asusun jarin da daraktan yake wakilta ne ya saya, sau da yawa a cikin sabon rabon da kamfani ya fitar da rangwame.

Wannan ya kawo mu ga abin da musun fada ba ya taɓa tabowa, alhali shi ya fi cin kuɗin ƙananan masu jari. Ƙaramin kamfanin binciken magani ba ya sayar da komai, hannun jari yake sayarwa ya biya albashi da kuɗin gwaji. Babban mai sayarwa a kasuwa shi ne kamfanin da kansa, kuma wannan ba ya fitowa a Fom 4. Ka buɗe rahoton wata uku-uku mai suna 10-Q. Ka nemi kuɗin da ke hannu, ka nemi abin da aka kashe wajen gudanar da aiki, ka raba. A ce akwai dala miliyan 60, ana cin miliyan 15 duk wata uku: shekara ɗaya ta rage. Ba sa jira kuɗin ya ƙare, tun da sauran wata shida ko tara za su fitar da sabon hannun jari, yawanci ƙasa da farashin kasuwa, kuma sau da yawa washegarin labari mai daɗi, lokacin da ku kuke rububin saye. In akwai hannun jari miliyan 50 aka ƙara miliyan 25, rabonka a kamfanin ya ragu da kashi ɗaya cikin uku ba tare da ka sayar da komai ba, kamar a ƙara wa nono ruwa. Ka duba shafin farko na 10-Q na bana da na shekara biyu da suka wuce, adadin hannun jarin yana rubuce a wurin. In ya ninka, ka ga halinsu. In farashi ya zauna ƙasa da dala ɗaya kwana 30 na aiki a jere, kasuwar Nasdaq takan aiko da gargaɗi, kuma mafita da aka saba ita ce a dunƙule goma ko ashirin su koma ɗaya, sannan a sake fitar da sabo.

Yanzu maganar sirri. Za a zo muku da ita, ko a guruf ko ta bakin wani da ya ce yana da mutum a ciki. Ku yi lissafi da kanku: labarin da ya taso daga ɗakin gwaji a Amurka har ya iso wayarka a Maraɗi ya bi ta hannu nawa? In gaskiya ne, manya sun riga sun ci, farashi ya riga ya motsa. In ƙarya ne, wanda ya turo ya saya tun da arha, yana jiran ku tura farashi sama ya juye muku. Wannan shi ne najashin da malamai suke hanawa a kasuwa, zuga farashi don a yaudari mai saye. Cin riba da labarin da abokin ciniki bai da hanyar sani kuwa ya yi kama da tarar ayari a hanya kafin ya shigo kasuwa ya ji farashi, abin da Manzon Allah (SAW) ya hana.

Waɗanda suke da sirrin na gaske ma ku ga yadda ta kaya musu. A ƙarshen Disamba 2001 Samuel Waksal, shugaban kamfanin ImClone, ya ji cewa FDA ba za ta karɓi takardar neman amincewa da maganin ciwon daji mai suna Erbitux ba. Ya yi ƙoƙarin sayarwa, ya kuma sanar da iyalinsa kafin a bayyana. An yanke masa wata 87 a kurkuku. Martha Stewart, fitacciyar 'yar kasuwa mai shirye-shiryen talabijin, wadda ta sayar da hannun jarin kamfanin 3,928 ranar 27 ga Disamba a kan kusan dala 58, ta yi wata biyar a ɗaure saboda ƙaryar da ta yi wa masu bincike. Maganin kuwa FDA ta amince da shi a 2004, kuma a 2008 kamfanin Eli Lilly ya sayi ImClone a kan dala 70 kowane hannun jari. Sirrin da suka ji na 'yan kwanaki ne, bai gaya musu inda maganin zai ƙare ba. Mathew Martoma, manajan wani asusun jari, wanda ya yi ciniki bayan ya samu sakamakon gwajin wani maganin cutar mantuwa daga bakin likitan da ke cikin aikin a 2008, shekara tara aka yanke masa a 2014.

Abu na ƙarshe da ya ƙone ni shi ne dogara da umarnin da ake sa wa manhaja cewa ta sayar in farashi ya sauka zuwa kaza. Kasuwar Nuyok tana buɗewa ƙarfe biyu da rabi ko uku da rabi na rana agogon Nijar, gwargwadon lokacin shekara, amma sakamakon gwaji da hukuncin FDA yawanci kafin a buɗe ko bayan an rufe ake sanar da su. Abin da ya kwana a dala 10 yana iya wayewa a dala 3. Umarninka na sayarwa a dala 9 a kan 3 zai cika, domin ba a yi ciniki a tsakani ba. Kariyar da take aiki ita ce girman abin da ka zuba. In jarinka gaba ɗaya jikka ɗari biyar ne, abin da za ka sa a kamfani mai magani ɗaya tak kada ya wuce jikka goma zuwa ashirin da biyar, kuma kada ya zama kuɗin adashi, ko na uwar kuɗin shago, ko bashi. Ka tabbatar kuma manhajar da kake amfani da ita hannun jari na gaske take sayar maka, domin da yawa daga cikin waɗanda ake tallatawa a nan yarjejeniyar caca ce a kan motsin farashi mai suna CFD, da bashi a cikinta, kuma faɗuwar dare ɗaya tana iya share asusu duka. Kafin ka danna saye, ka rubuta ranar da ake sa ran sakamakon gwaji ko hukuncin FDA a takarda, ka yanke tun yau ko za ka rage kafin ranar ko za ka kwana da shi.