Kafin kwando ya tashi sama, a fara duba ƙasa

Injin ɗaga ma'aikata zuwa sama, wanda yake da kwando ko dandamali mai shinge da mutum ke tsayawa a ciki, ya sauƙaƙa ayyuka da dama waɗanda a da sai an kafa tsani ko an haɗa ƙarafan hawa a jikin gini. Da shi ake gyaran fitilun hanya, da ɗora rufin manyan ɗakunan ajiya, da fenti, da wanke gilasan dogayen benaye, da sare rassan itatuwa. Ba na tantama cewa ya fi tsani aminci nesa ba kusa ba, domin ma'aikaci yana tsaye a kan wuri mai faɗi, shinge ya kewaye shi, hannuwansa biyu kuma suna sake. Sai dai wannan amincin da ido ke gani shi ne yake jawo sakaci, har a miƙa makulli ga wanda bai taɓa samun horo ba, a ce ai danna maɓalli ne kawai. A ganina, yawancin haɗurran da ke aukuwa a sama, tun a ƙasa aka shirya musu hanya, kafin kwandon ya motsa ko da taƙi ɗaya.

Injinan nan iri biyu ne manya. Akwai mai ƙarafa masu buɗewa irin na almakashi, wanda ke tashi tsaye, dandamalinsa yana nan daidai saman gindinsa. Akwai kuma mai dogon hannu, wanda ke miƙa kwando gefe, nesa da inda tayoyinsa suke. Ƙungiyar IPAF, wadda aka kafa a 1983 domin harkar waɗannan injina, ta rarraba su a tsarin horonta: 3a shi ne mai tashi tsaye da ake iya tuƙawa yana sama, 3b mai hannu da ake iya tuƙawa, 1b kuma mai hannu da dole sai an kafa shi wuri guda. Katin shaidar da take bayarwa, wato PAL, shekara 5 yake yi kafin a sabunta shi, kuma yana nuna rukunin da mutum ya ƙware a kai. Wanda ya iya mai almakashi bai iya mai hannu ba tukuna. Ko wanda yake da katin da ya dace ma, idan aka kawo masa samfurin da bai saba da shi ba, wajibi ne a nuna masa maɓallansa da hanyar saukar da shi ta gaggawa, domin kowane kamfani da yadda yake tsara nasa.

Tun 2012 ƙungiyar take tattara rahotannin haɗurra daga ƙasashe daban-daban, kuma abubuwan da ke yawan kashe mutane suna maimaita kansu: faɗowa daga kwando, kamuwa da wutar lantarki, kifewar injin, da matsewar mutum tsakanin kwando da wani abu da ke samansa.

Batun kifewa na fi son a tsaya a kansa, saboda nan ne ido ya fi yaudarar mutum. Injin mai hannu yana da nauyi ƙwarai, kuma da gangan aka ƙera shi haka domin gindinsa ya rinjayi nauyin kwandon da ke can nesa. Idan yana tsaye hannunsa a naɗe, nauyin ya rabu a kan tayoyi huɗu, amma da zarar an miƙa hannun aka juya shi gefe guda, kaso mai yawa na nauyin zai koma kan taya ɗaya ko ɗaya daga cikin ƙafafun tallafi da ake saukarwa ƙasa don su riƙe injin. Ƙasar da ta ɗauki injin lafiya da safe tana iya lotsawa da rana a daidai wannan wuri. Murfin magudanar ruwa, da ramin da aka cike kwanan nan ba a danne shi da kyau ba, da bakin kwalbati, da ƙasar da ruwan sama ya jiƙa, da daɓen siminti da ke da rami a ƙarƙashinsa, duk suna kama da wuri mai ƙarfi ga wanda ya kalle su daga nesa. Haka nan daɓen bene na sama yana da iyakar nauyin da aka gina shi ya ɗauka, kuma injiniyan ginin ne zai faɗi wannan iyaka, ba hasashen mai tuƙi ba. Shi ya sa ake sa faffaɗan faranti mai ƙarfi a ƙarƙashin kowace ƙafar tallafi, domin ya baza nauyin a kan fili mai yawa, kuma girman farantin ya danganta da taushin ƙasar. Shi ya sa kuma ya kamata mai tuƙi ya taka hanyar da zai bi da ƙafarsa tukuna, ya ga abin da ke cikinta.

Injinan zamani suna da ƙararrawa da ke kuka idan gindin ya karkata fiye da kima, da wata na'ura da ke tsayar da aiki idan kaya sun yi wa kwando yawa. Abin da ya fi ba ni takaici a wannan sana'a shi ne a ji an cire waya ko an toshe ƙararrawar don ta daina damun mutane. Wanda ya yi haka ya kashe abu ɗaya tilo da zai gaya masa gaskiya a lokacin da yake sama, ba ya ganin tayoyinsa.

Ko injin bai kife ba, ƙaramin rami yana iya kashe mutum. Idan taya ta faɗa rami mai zurfin 'yan santimita kaɗan, ko wata mota ta bugi gindin, wannan ɗan motsi yana ninkuwa a tsawon hannun, har ya isa kwando da ƙarfin da zai wurga mutum waje kamar yadda majajjawa ke wurga dutse. Dalilin ke nan da ya sa duk wanda ke cikin kwandon injin mai hannu sai ya ɗaura ɗamarar tsaro ta jiki gaba ɗaya, da gajeriyar igiya da aka maƙala a wurin da kamfanin ya tanada a cikin kwandon. Gajarta igiyar shi ne muhimmin abu, domin manufar ita ce kada mutum ya fita daga kwandon sam. Ba a maƙala ta a jikin shinge, ba a kuma maƙala ta a jikin gini ko turken da ke waje, domin idan kwandon ya motsa zai bar mutum a rataye. A kan mai almakashi, shingen ne kariya ta farko, muddin an rufe ƙofa kuma ƙafafu biyu suna kan dandamali. Taka shinge don a ƙara tsawo, ko kafa tsani a cikin kwando, alama ce cewa an kawo injin da bai kai aikin ba, kuma maganin hakan shi ne a sauya injin.

Iska ma tana da iyaka a rubuce. Yawancin injinan da aka ƙera don aikin waje ba a yarda su yi aiki a iskar da gudunta ya wuce mita 12.5 a daƙiƙa ba, wato kusan kilomita 45 a awa, akwai kuma waɗanda na cikin gini ne kawai, ba a yarda su sha iska ko kaɗan ba. Iskar sama ta fi ta ƙasa ƙarfi, tana kuma ƙara gudu a tsakanin dogayen gine-gine, don haka a cikin kwandon ake auna ta da ƙaramar na'urar hannu. Falankin rufi ko allon talla da aka ɗora a kwando yana tare iska, ya ƙara ƙarfin da ke tura injin gefe.

Game da wayoyin lantarki, ba sai an taɓa su ba, domin wuta mai ƙarfi tana tsallake iska ta kama ƙarfe. Dokar Amurka ta sa tazarar ƙafa 10, kimanin mita 3, daga wayar da ba ta wuce bolt 50,000 ba, tazarar kuma tana ƙaruwa da ƙarfin wutar. Shawarar IPAF ta fi wannan faɗi: kada a matsa kusa da mita 15 daga wayoyin da ke kan manyan turakun ƙarfe, ko mita 9 daga na kan turakun katako, a kuma haɗa da tsawon hannun idan an miƙe shi duka a cikin lissafin tazarar, sai an tuntuɓi masu wutar. Mafi kyau dai a kashe layin a kuma tabbatar an kashe. Idan kuwa injin ya taɓa waya, kada wanda ke ƙasa ya kusance shi, domin jikinsa da ƙasar da ke kewaye da shi suna iya ɗauke da wuta.

Mutumin da ke ƙasa shi ne wanda aka fi rainawa a wannan aiki, alhali rai yana hannunsa. Matsewa tana faruwa ne idan mai tuƙi yana tashi ko yana ja da baya a ƙarƙashin ƙarfen rufi ko bututu, hankalinsa yana kan aikin, sai ƙarfen ya danne ƙirjinsa a kan allon maɓallai. A wannan hali ba ya iya numfashi balle ya yi kira, jikinsa kuma yana iya ci gaba da danna sandar tuƙi. Wasu injinan suna da sanda ko waya a gaban mai tuƙi da ke tsayar da injin idan an danne ta, kuma wannan ci gaba ne mai kyau, amma tsayar da injin bai saukar da mutum ba. Dole akwai wani a ƙasa da yake kallo, wanda ya san inda maɓallan ƙasa suke, ya san yadda ake karɓe iko daga kwando, ya kuma san yadda ake saukarwa idan injin ya mutu ko batir ya ƙare. Mintuna kaɗan ne tsakanin ceto da rasa rai, ba za su isa a je neman wanda ya tafi da makulli ko a tsaya karanta littafin injin ba. Wanda ya faɗo ya rataye a ɗamara shi ma yana bukatar a sauko da shi da sauri, domin ratayar tana hana jini komawa daga ƙafafu. Ina ganin bai kamata kwando ya tashi ba sai wanda aka ba aikin ceto ya gwada saukar da shi da hannunsa a wannan rana, a kan wannan injin, kuma kada a aike shi wani wuri muddin akwai mutum a sama. Shi ne kuma zai kula da shingen da aka kewaye wurin da shi, don kada mota ta bugi injin ko wani abu ya faɗo kan mai wucewa.

Duban yau da kullum ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo: tayoyi, da birki, da yoyon mai, da tsagewar ƙarfe, da ƙofar kwando, da maɓallin tsayarwa na gaggawa a sama da ƙasa. A Birtaniya dokar kayan ɗagawa ta 1998, wato LOLER, ta wajabta cewa ƙwararre ya yi wa duk injin da ke ɗaga mutane cikakken bincike kowane wata 6, kuma wanda ya karɓi injin haya yana da haƙƙin ya nemi ganin takardar binciken. Idan an ga matsala, a ajiye injin, a sa masa alama, a sanar da mai shi. Idan an tashi aiki kuma, a sauke kwandon har ƙasa, a ajiye injin a wuri mai ƙarfi da ya daidaita, a cire makulli a miƙa shi ga mai kula da wurin.