Hasumiyar Iskoki ta Atina a kan teburin mai firam

Sana'ata sa wa hoto firam, shagona yana Kaduna, ni da yara biyu. Abin da ke ciyar da mu sananne ne: hotunan biki, takardun shaidar kammala karatu, Ayatul Kursiyyu mai ruwan zinare, da hotunan shugabanni da ofisoshi ke sauyawa duk sanda gwamnati ta sauya. Awo ne da yanka da bugun ƙusa. Zanen fentin ruwa kuwa sai jefi-jefi, galibi daga ɗaliban zane na Zariya, kuma shi ne aikin da ba na barin yara su sa wa hannu.

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin jakadanci, ya kawo mini irinsa. Ya ce a Plaka, tsohuwar unguwar Atina ta ƙasar Girka, ya saye shi hannun mai zanen tun yana da ƙarfi a jika. Hasumiya ce ta farin dutsen mabul mai kusurwa takwas, bayanta tudun Akropolis. Ana ce mata Hasumiyar Iskoki. Wani masanin taurari, Andronikos, ya tsara ta fiye da shekara 2,000 da suka wuce, tsayinta wajen mita 12. Kowace fuska tana duban mahudar iska ɗaya, an sassaƙa iskar da siffar mutum mai fukafukai: ta arewa tsoho ne mai gemu, ya lulluɓa da mayafi mai kauri, ta yamma saurayi ne ɗauke da furanni. Ƙasan siffofin akwai layukan agogon rana, a ciki kuma da agogon da ruwa ke tafiyarwa.

Abu na farko da nake dubawa shi ne ko zanen hannu ne ko na injin ɗab'i, don mutane da yawa na dawowa daga tafiya da bugaggen hoto suna zaton na hannu ne. Na sa madubin ƙara girma. Babu ɗige-ɗigen inji. Ga layin fensir ƙarƙashin launi, ga bakin kowane shafin fenti ya ɗan fi duhu inda ruwan ya tsaya ya bushe. Na hannu ne.

Da na kwance tsohon firam ɗin sai raina ya ɓaci. Wanda ya yi aikin farko kwalin katon ya sa a baya, ya kuma manne takardar da salatif ta duk gefe huɗu. Salatif ɗin ya narke ya bar mai a jiki. Ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa sun bazu a sararin sama, alamar laimar damina. A gefe, inda tsohon kwali ya rufe, shuɗin sama yana nan shar, tsakiya kuwa rana ta sha shi ya koɗe.

Babbar ɓarnar tana jikin hasumiyar kanta. Mai fentin ruwa galibi ba ya shafa fari. Inda yake son fari, takardar yake bari tsirara. Ke nan farin mabul ɗin nan takarda ce kawai. Kwalin banza yana da sinadari mai cin takarda, yana mayar da ita rawaya, sai ga dutsen Atina ya koma kamar bangon da hayaƙin murhu ya daɗe yana bugu. Shi ya sa nake cewa rabin aikinmu a bayan hoto yake, inda mai kaya ba ya dubawa.

Dattijon ya ce, "Malam, ba za ka samo yaro ya ƙara wa saman nan shuɗi ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, in aka ƙara, ya tashi daga zanen mutumin Atina ya zama na yaron. A bar shi da tsufansa, mu dai mu tsayar da ɓarnar."

Ba don taurin kai na faɗa ba. Irin waɗannan zane-zane shaida ne. A 1805 wani matafiyi, Edward Dodwell, da abokin tafiyarsa ɗan Italiya Simone Pomardi sun zana Atina tana ƙarƙashin Daular Usmaniyya. A lokacin ƙasa ta binne gindin wannan hasumiya, sufaye kuma sun mai da cikinta zawiya, Dodwell ya zana su suna zikiri a ciki. Masu zanen wancan zamani sun nuna ƙaramin masallaci a tsakiyar Fartenon, tsohon haikalin da ke kan tudun Akropolis. An gina masallacin ne bayan da harsashin sojojin birnin Benis ya tayar da rumbun albarushin da ke cikin haikalin a 1687. Yau masallacin babu shi, an kwashe ƙasar gindin hasumiyar. Zanen dattijon bai kai waɗancan daraja ba, amma shi ma ya kama ranarsa, kuma ba hurumina ba ne in gyara masa ita.

Aikin kansa a hankali ake yi. Na share ƙura da buroshi mai laushi, na ɗaga salatif kaɗan-kaɗan, ruwa ko ɗigo bai taɓa fuskar zanen ba. Na rataye takardar ta sama kawai, da siririyar takardar Japan da kunun sitacin alkama, don ta samu wurin miƙewa da damina ta takure da hunturu ba tare da ta yamutse ba. Sai kwali marar cin takarda gaba da baya, na gaban an yanke masa taga don kada gilashi ya taɓa fenti. Na liƙe bayan ruf saboda ƙurar hunturu, na sa 'yan ƙwallayen roba a kusurwoyi don iska ta ratsa tsakaninsa da bango.

Ya so firam mai kauri mai ruwan zinare, na lallashe shi ya karɓi siririn madaci. A kan gilashi muka fi jayayya. Mai tare zafin hasken rana daga Legas nake sayo shi, kuɗinsa ya ninka na gama-gari sau da yawa, kuma da ido ba ka ganin bambanci. Ya ce tsada ta yi yawa. Na ce to, a sa na gama-gari, da sharaɗin a cire hoton daga falon da ke kallon taga a kai shi bangon da rana ba ta kaiwa. Ya ce falon nan ne baƙi ke gani. Ya biya kuɗin gilashin, bayan ya sa na rage masa ladan hannu.