Shekaru nawa ana ihu kafin a ji?

Wallahi abin da ke cin raina game da shari'ar R. Kelly, mawaƙin nan na Amurka da aka zarga da lalata da 'yan mata ƙanana, shi ne yadda aka dinga kare shi. A 2008 kotun Chicago ta wanke shi, filayen wasa suka ci gaba da cika, masoyansa na cewa ai waƙa daban mutum daban, wasu ma suna zagin 'yan matan wai kuɗi suke nema. Sai a 2022 aka yanke masa shekara 30 a New York. Da direban tasi ne ya taɓa yarinya 'yar 14, ba wanda zai tsaya yana lissafa mana kyawun muryarsa, kuma iyayen yaran nan fa sun yi ta kuka a gaban kyamara shekara da shekaru.